Keken Mushe Lawali a Hanyar Gidimuni

Kwanakin baya wani saurayi ya kawo mini kekensa faci. Ya zauna bisa benci yana latsa waya, da na gama sai ya ce, "Baba Mutari, ai wannan aikin ko da ido rufe sai a yi shi. Roba ce kawai da kol." Abokansa suka yi dariya. Ban yi fushi ba, don ni ma haka na ɗauka lokacin da aka kai ni koyo. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan da ɗan karatun da na samu a lakwal, wato makarantar boko. In kun ga kuskure ku yi haƙuri. Na duba na sake dubawa, amma na san wani abu zai tsere mini.

Faci na farko da na yi da hannuna, a rumfar maigidana Malam Kiyari ne, bakin kasuwa a nan Damagaram. Keken wani mai ɗaukar itace ne. Na ciro shambur, wato robar ciki mai riƙe iska, na hura shi, na tsoma a kwanon ruwa har na ga inda kumfa ke fita. Na kankare wurin da magagari, na shafa kol, wato gam, na jira ya sha iska, na manna faci, na mayar na buga famfo. Mutumin bai kai kwanar masallaci ba tayar ta sake kwantawa. Malam Kiyari bai yi mini tsawa ba. Ya kama hannuna, ya sa yatsana cikin tayar, ya zagaya da shi a hankali har wani abu ya soke ni. Kan ƙaya ne, ƙarami ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Ya ce, "Ka toshe huda, ka bar abin da ya yi hudar. Tsotse jinin ka sake."

Tun daga ranar na san kayan aikin mai gyaran keke na farko yatsansa ne. Sauran duk suna biye: famfo, ƙarafan ɓamɓare taya waɗanda Malam Kiyari ya sa maƙeri ya ƙera masa, sufanu, almakashi, kwanon ruwa, gwangwanin kol, da tarin tsofaffin shambur da muke yankawa mu yi faci. Har yau ba na rufe taya sai na zagaya da yatsa, na sake zagayawa ta ɗaya gefen. Wani lokaci mai keke ya riga ya hau ya tafi, sai shakka ta kama ni ko na zagaya, in ƙwala masa kira ya dawo. Da yawa suna jin haushi. Wasu kuma saboda haka suke zuwa wurina.

Akwai abin da duk mai keke a garin nan yake yi, ku ma kuna yi ba ku lura ba. Da an gama masa aiki ba ya tambaya, sai ya sa babban yatsa ya danna taya. In ta yi tauri kamar dutse, ya ce madalla. In ta lotsa ko kaɗan, ya ce, "Mutari, iskar ma rowarta kake yi?" Kuma suna da gaskiya. Wanda zai ɗora jarkokin ruwa ko buhun gero ya bi kwalta, taya mai tauri yake bukata. A haka na tashi, a haka na buɗe rumfar kaina, na yi shekaru ina bugun famfo har kafaɗa ta yi ciwo.

Sai ranar da Mushe Lawali ya zo. A nan Mushe muke ce wa malamin lakwal, daga faransanci. Malamin lakwal ne da ya ajiye aiki, dogo, siriri, gemunsa fari fat. Kusan duk aikinsa a ƙauyuka ya yi shi, kuma bisa keke. Kekensa ma dogo ne kamarsa, ƙafafunsa sun fi na kekunan da muka saba girma, tayoyin na da ƙananan haƙora. Na gyara masa birki, na buga masa iska yadda na iya. Ya danna, ya girgiza kai, ya sunkuya ya saki iskar da hannunsa ina kallo. Ni tsorona janti, wato ƙarfen da taya ke zaune a kansa.

Na ce, "Mushe, janti zai daki dutse fa."

Ya ce, "Ba zai daka ba."

"In shambur ya tsinke a daji fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ne Mutarin da aka ce yana kiran mutane su dawo? To, kai nake nema. Ranar Lahadi ka rufe rumfa ka biyo mu, ka ga inda muke kai aikinka."

Ashe akwai su da ɗan dama, malamai, ma'aikatan likita, 'yan kasuwa biyu ko uku, da suke fita gari da keke ranar hutu, ba don kai kaya ko ziyara ba, don tafiyar kawai. Ba sa bin kwalta. Jar hanya mai tsakuwa suke bi, in ta ƙare su shiga ta ƙasa. A daren ranar na jera kayan aiki cikin jaka, na zazzage, na sake jerawa.

Fitar farko mun yi wajen Droum. Da muka bar duwatsun gari a baya, ƙasa ta fara hawa da sauka a hankali, tudu ya miƙa ka ga kwari, kwari ya miƙa ka ga wani tudun. Gawo tsaye cikin gonaki ɗaiɗai, daga nesa goriba ta yi duhu a bakin ƙorama, ana jin ƙanshin ƙasa mai laima tun kafin a ga lambunan rake da rogo. An haife ni a ƙasar nan, amma ban taɓa kallonta haka ba, don kullum ta tagar mota nake ganinta. Sai dai ni ban more sosai ba. Kekena da na cika da iska yana ta tsalle bisa tsakuwa, haƙorana na haɗuwa, da mun shiga yashi sai ƙafar gaba ta nutse ta karkace. Mushe kuwa yana gaba, bayansa a miƙe, keken na tafiya kamar kwalekwale. Da muka tsaya ƙarƙashin wata tsamiya ya zo ya danna tayata, ya ce, "Wannan ta kasuwa ce." Ya rage mata iska. Daga nan keken ya kwanta bisa hanya ya daina faɗa da ni.

Ka ga ke nan aikin ya rabu biyu. Iskar gari daban, iskar daji daban, kuma ta daji ma ba ɗaya ba ce. Ta tsakuwa ba ta yashi ba ce, ta mai ƙiba ba ta siriri ba ce. In ka rage da yawa, janti ya ciji shambur ya yi huda biyu gefe da gefe. In ka bari da yawa, mutum ya faɗi a gangare. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, a yatsa yake.

Sai kuma ƙaya. Kafin na fara bin su, ƙaya ɗaya na sani. A daji na koyi cewa tsidau ƙasa yake kwanciya ya jira, yana shiga da yawa amma hudarsa ƙanana ce. Ƙayar aduwa doguwa ce mai ƙarfi, tana ratsa taya da shambur ta fita ta ɗaya gefen. Ta magarya lanƙwasasshiya ce, ita manoma ke yin shinge da ita. Kuma Mushe ne ya nuna mini abin da ɗan birni ba ya ganewa. In hanya ta rabu, ɗaya mai faɗi ta amalanke da shanu, ɗaya siririya da ƙafa ta taka, kowa a cikinmu mai faɗin yake so. Shi kuwa siririyar yake ɗauka. Ya ce bayan kaka, in an saki gonaki, dabbobi na jan rassan shinge su watsa bisa babbar hanya, ba mai kulawa. Amma 'yar siririyar, ita mata ke bi zuwa rijiya, yara na biye da su ba takalmi. Duk wanda ya ga ƙaya a kanta sai ya sunkuya ya ɗauke ya jefa gefe. Hanyar da aka fi sharewa ke nan a duk ƙasar, kuma ba wanda aka ɗora wa sharar.

Shi ma haka yake yi. Yana cikin tafiya sai ka ga ya ja birki, ya sauka, ya tsinci reshen ƙaya ya jefar, ya hau. Matasan cikinmu su yi ta tsaki a ɓoye. Wani ya taɓa ce masa, "Mushe, ai mun riga mun kauce mata." Ya ce, "Mu mun kauce. Hanyarsu muka ara, ɗana."

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda aka rufe iyaka, kayan keke suka daina zuwa daga Kano. Shambur sabo ya ɓace a kasuwa. Wanda ake samu ta bayan fage kuwa, robarsa kamar ta balan-balan, ka buga famfo ya fashe a hannunka. Kol ya zo a bushe cikin gwangwani. Na koma yin faci bisa faci, ina yanka tsohuwar taya in shimfiɗa cikin wata don ta tare ƙaya. Masu gyara da yawa suka koma babur. Masu fita ranar Lahadi suka ragu, don ba mai son ya tura keke daga daji. Keken Mushe ya fi kowanne wahala, saboda girman ƙafarsa ba a samun shambur ɗinsa ko da can sai an yi sautu.

A cikin wannan shekarar ne jiri ya ɗebe shi a hanyar Droum. Yana da ciwon suga, ranar kuma bai karya da kyau ba. Bai ji rauni ba sai ƙujewa a gwiwar hannu, amma a amalanken shanu aka kawo shi bakin kwalta, shi da keken, mutane na kallo. Bayan kwana kaɗan babban ɗansa Sanusi, wanda ke aiki a wani biro, wato ofis, cikin gari, ya zo rumfata tare da shi. Yaro ne mai ladabi, sai da ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce, "Malam Mutari, ka taya mu yi wa Baba magana. Mun ce keken nan ya isa haka. Inna ba ta barci."

Mushe ya ce, "Innarka tun kafin a haife ka take cewa ba ta barci."

"Baba, a amalanke fa aka kawo ka."

"To, shanun sun yi ƙara ne?"

Suka yi ta ja a gabana, ni ina riƙe da sufana na rasa inda zan sa ido. A ƙarshe Mushe ne ya yanke. Ya ce a bar shi ya je tafkin Gidimuni, inda ya fara koyarwa, daga Mirriya ta hanyar daji. Sanusi ya bi kwalta da mota ya jira shi a can. In ya iso bisa kekensa kafin a kira magariba, ba mai sake yi masa maganar keke. In bai iso ba, ko aka kawo shi, da hannunsa zai ba Sanusi keken ya kulle. Sanusi ya ce ya yarda, da sharaɗin in bi Mushe. Suka tashi suka bar mini keken.

Na kwance keken nan gaba ɗaya. Na wanke sarƙa da kananzir, na ɗaure wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya, na sauya robar birki. Shambur na gaba da sauran ransa. Na baya kuwa faci ya fi roba yawa. Na zaga kasuwa, na aika Mirriya, na tambayi direbobi, ba a samu irinsa ba. Na gaya wa Mushe a ɗaga tafiyar. Ya ce in aka ɗaga, Sanusi zai ce tsoro ne. Sai na cika jaka da faci, na samo kol mai ɗan kyau wurin wani mai gyaran takalmi, na ƙara da dabino da ƙuli-ƙuli da gorar ruwa saboda jirin.

Bayan sallar asuba muka ɗora kekuna saman motar Mirriya. Daga can muka ratsa ta cikin kukoki muka bar gari, rana na fitowa a gabanmu. An gama girbi, karan gero a kwance, rumbuna sababbi a bakin ƙauyuka. Mushe na gaba, yana ɗaukar siririyar hanya duk inda ta rabu. A kowane ƙauye sai ya sauka daga keke kafin ya yi sallama, don bai yarda a gaida dattawa daga bisa sirdi ba. Wasu suka gane shi, wani mai furfura ya rungume shi yana cewa shi ya koya masa ƙidaya. Aka kawo fura, dole a zauna. Ni ina ta duban rana.

Kuma ga tsintar ƙaya. Lokacin sakin gonaki ne, rassa sun faɗo ko a ƙananan hanyoyi. Duk saukar da ya yi sai in ce jirin ne, in zaro dabino. Da abin ya yi yawa na ce, "Mushe, don Allah yau ɗaya ka bar ƙayar nan. Gobe sai mu dawo mu tsince."

Ya ce, "Gobe wa zai taka ta kafin mu zo?"

"Rana fa ta karkata."

"Na gan ta, Mutari. Ci dabinonka, kai ne ka fi kama da mai jiri."

Bayan la'asar muka hau wani dogon tudu, daga samansa muka hango tafkin yana walƙiya, dabino da lambuna sun kewaye shi kore shar. Na ce alhamdu lillahi a fili. Muna cikin gangarowa, wajen wata rijiya, sai na ji tayar bayansa ta yi tsaki ta kwanta gaba ɗaya.

Na ciro shambur. Na zagaya da yatsa cikin taya, babu ƙaya ko ɗaya. Robar ce ta gaji ta tsage a gindin bakin da ake buga iska, wurin da faci ba ya kamawa. Duk da haka na gwada, na buga famfo, ta fita. Nawa shambur ɗin bai kai girman ƙafarsa ba. Na ce ya hau kekena ni in turo nasa.

Ya ce, "Bisa kekena na ce wa Sanusi."

"Ai ba zai ƙi ba, Mushe. Keke keke ne."

"Shi ba zai ƙi ba. Ni na faɗa."

Ya zauna a bakin hanya ya cire hula.

Wata mata da ke dawowa daga fadama da damin ɗanyar ciyawa a ka ta tsaya ta yi mana sannu. Ta dubi Mushe ta ce, "Baba, ba kai ne ka sauka can baya ka janye reshen magarya ba? Ina daga cikin lambu na gan ka. Tun jiya nake cewa yaran nan su ɗauke." Ta tambayi abin da ya samu keken. Ni kuwa ciyawar nake kallo. Kiri-kiri ce, doguwa mai laushi. Sai na tuna Malam Kiyari ya taɓa ba mu labarin yadda suke yi a zamanin da ba kol, ban dai taɓa gani da idona ba. Na ce, "Baiwar Allah, ko za ki sayar mana da ciyawar nan?"

Ta ce, "Ta awaki ce, ba ta sayarwa ba ce." Ta sauke damin a gabana. "Ɗebi. Amma ban taɓa jin keke na ci ba."

Na murɗa ciyawar kamar igiya, na dinga cusawa cikin taya ina dannawa da ƙarfen ɓamɓare, ina zagayawa, inda ya yi rami in ƙara. Ita da Mushe suna murɗa mini suna miƙo. Da ƙyar bakin tayar ya koma cikin janti. Na danna, ta lotsa, amma ba ta kai ƙarfe ba. Na ce, "Mushe, ban tabbata ba fa. Kada ka yi gudu, kada ka hau dutse, in ka ji ta..."

Ya riga ya hau.

Keken na tafiya yana ɗingishi, koren ruwa na tsatsowa ta gefen janti. Ina biye ina kallon ƙafar bayan nan, ban ga tafki ba, ban ga dabino ba. Sau ɗaya ya ja birki, na ce shi ke nan ciyawar ta fita. Ashe ƙaya ya gani. Ya sauka, ya jefar, ya hau.

Mun shigo Gidimuni rana ta yi ja ta taɓa kan itatuwa. Sanusi na tsaye jikin mota a bakin hanya, waya a hannu. Mushe ya taka har gabansa, ya sauke ƙafa ɗaya, ya ce, "Salamu alaikum. An kira?" Ladan bai kira ba sai da muka gama gaisawa.

Sanusi ya dubi mahaifinsa sama da ƙasa. Sannan ya yi abin da duk ɗan Damagaram ke yi, ya sunkuya ya sa babban yatsa ya danna tayar baya. Yatsan ya fito kore. Ya shinshina, ya ja wani silin ciyawa da ya leƙo, ya yi ta ja yana fitowa.

"Baba, wannan keke ne ko akuya?"

Mushe ya ce, "Tambayi Mutari, shi ya yi mata kiwo."

Sanusi ya yi dariya har ya dafa mota, sannan ya juya baya ya goge ido da hannun riga. Shi ya ɗaga keken da kansa ya ɗaure a bayan mota, ya sa tsumma don kada fenti ya ƙuje.

Ba a yi wata ba Sanusi ya zo rumfata da ƙunshi a hannu. Shambur ne sababbi guda biyu, daidai ƙafar keken, wani abokinsa ya yi masa sautu daga nesa. Na sa ɗaya, na zagaya da yatsa, na sake zagayawa, na buga iska irin ta daji. Ya danna, ya ɗaure fuska ya ce, "Malam Mutari, ba ta yi tauri ba fa."

Na ce, "Ba ta kasuwa ba ce."

Ya ce, "To, nuna mini yadda ake ganewa. Baba ya ce ranar Lahadi in zo da nawa."